Wace waƙa ce aka sa ɗazu? Gidajen rediyon Khartum su riƙa gaya mana

Duk mai sauraren rediyo ya san wannan takaicin. Kana cikin hafila ko raksha, ko kana zaune wajen mai shayi, sai a saka wata waƙa da ta tsaya maka a rai. Ka kasa kunne kana jiran mai gabatarwa ya faɗi sunanta da na mai ita, sai ta ƙare, talla ta shigo, bayan talla kuma a ɗora wata. Shi ke nan, ta wuce. Ka tambayi direba, ya ce wallahi shi ma ji ya yi kamar yadda ka ji. Ka tambayi na kusa da kai, ya kira maka sunan wani mawaƙi, na bayansa ya ce a'a, ba shi ba ne. A yi ta musu har a kai tasha, kowa ya sauka da nasa zaton.

Ra'ayina a kan wannan gajere ne, kuma zan faɗe shi tun yanzu. Kowane gidan rediyo da ke watsa shiri a Khartum da Omdurman da Bahri, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, ya kamata ya riƙa wallafa jerin abin da ya saka a kowace rana: ƙarfe nawa aka saka, mene ne sunan waƙar, wa ya rera, wa ya rubuta baitocin, wa ya ɗora musu kari. A sa jerin a shafin Facebook na tashar, a bar shi a wurin, kada a goge. Mai gabatarwa kuma ya koma faɗin waɗannan sunaye da bakinsa, kafin waƙa ko bayanta. Abin ba ya cin kuɗi, amma amfaninsa ya zarce yadda ake tsammani, musamman gare mu Hausawan ƙasar nan.

Na san wani zai ce, Malam, a wace duniya kake? Mutane sun dawo sun tarar an kwashe musu gidaje har da wayoyin wuta na cikin bango, ruwa na wahala, asibitoci a rushe, kai kuma kana maganar waƙa. Gaskiya ne, kuma ba na sa wannan magana a sahu ɗaya da burodi ko magani. Sai dai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe bakin akasarin tashoshin FM na babban birni, gidan rediyon ƙasa ma daga Bur Sudan ya ci gaba da aiki. Yanzu da ake komawa, kusan komai daga tushe za a sake ɗora shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In tashoshin suka tashi a kan tsohuwar ɗabi'ar saka waƙa ba suna, haka za su zauna shekaru. Lokacin da ake sayen sabuwar kwamfuta, ana ɗaukar sababbin ma'aikata, shi ne lokacin da ya fi sauƙin cewa ga yadda za a riƙa yi.

Abin da nake nema ma ba baƙon abu ba ne a Omdurman. Gidan rediyon da muke kira Huna Omdurman ya fara ne a 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, daga wani ɗan ɗaki a ginin gidan waya, ana jin sa ta lasifika a fili. Daga wannan ɗakin ya girma ya zama ƙofar da duk mawaƙin ƙasar nan sai ya bi ta cikinta. Akwai kwamitin duba baitoci, akwai na tantance murya da kari, kuma wanda bai haye ba ba a ɗaukar muryarsa. Mutum na iya sukar wannan tsari, don ya tare wa wasu hanya. Amma ya bar mana ɗabi'a mai kyau guda: ba a sakin waƙa ba tare da nasabarta ba. Mai gabatarwa sai ya ce kalmomin na wane ne, karin na wane ne, rerawa ta wane ce. Shi ya sa dattijon da bai taɓa shiga makarantar boko ba ya san cewa Isma'il Hasan da Mahjub Sharif sun rubuta wa Muhammad Wardi, ya san Husain Bazar'a yana bayan waƙoƙin Usman Husain da dama, ya san Bashir Abbas ne ya tsara wa Balabil kiɗa. Daga rediyo ya koya, kullum ana maimaita masa har ya zauna.

Hatta sunan Haƙiba da ake kiran tsofaffin waƙoƙin su Sarur da Karoma da Khalil Farah, daga rediyo ya fito. Wani shiri ne mai suna Haƙibatul Fann, wanda mai gabatar da shi yake zuwa da tsofaffin faya-fayai a jakarsa yana sakawa yana bayani. Jakar ce ta ba waƙoƙin zamani guda suna. A baya-bayan nan kuma, duk wanda ya yi azumi a ƙasar nan ya san shirin Agani wa Agani na tashar talabijin ta Blue Nile, inda marigayi Sirr Gaddur yake zaunar da matasan mawaƙa, kafin su buɗe baki ya ba da tarihin waƙar da na wanda ya rubuta ta. Jama'a ba don muryoyin kaɗai suke taruwa bayan buɗa baki ba, har da wannan bayanin. Ke nan mai sauraro a Sudan yana son sanin mai waƙa. An dai daina gaya masa ne.

Yadda aka daina ba wani sirri ba ne. Da tashoshin FM masu zaman kansu suka yawaita a Khartum, gasa ta koma ta wa ya fi yawan kiɗa da ƙarancin magana. Faifai da kaset suka kau, kwamfuta ta karɓi aiki. A da sai an je ɗakin ajiya an ɗauko tef da takardar bayani manne a jikinsa, mai gabatarwa ya karanta abin da ke rubuce. Yanzu yaro ne zai zo da filasha cike da waƙoƙin da ya kwaso daga waya zuwa waya, wata sunanta lamba ce kawai, wata an rubuta mata sunan wanda ya maimaita ta a gidan biki a maimakon mai ita na asali. A zuba su a kwamfuta, a jera na awa biyu, mai gabatarwa ya fita shan jabana. Ko da yana zaune, abin da bai sani ba ba zai faɗa ba.

To, kafin a gyara, yaya mutum zai yi ya gano waƙar da ya ji? Ga abin da na ga yana aiki. Da farko, da zarar ka ji ta, duba agogo ka riƙe lokacin, ka kuma tabbatar da tashar da kake kai, don sau da yawa mutum yana rantsuwa a wata tasha ya ji alhali direba ya juya mita bai lura ba. Na biyu, in wayarka na hannu, naɗi ko daƙiƙa ashirin ne, ko da hayaniyar mota a ciki. Na uku, riƙe kalmomi uku ko huɗu a jere daga amshin, ka rubuta su da Larabci a YouTube ko Google, ka ƙara kalmar "kalimat". Waƙoƙin manyan mawaƙa galibi a nan ake kama su. In tashar tana watsa shirin kai-tsaye a Facebook, koma kan bidiyon ka ja shi zuwa lokacin da ka riƙe. In duk wannan bai yi ba, aika wa tashar saƙo da rana da sa'a, ko ka kira lokacin shirin zaɓin masu sauraro. Daga ƙarshe kuma, abin da ya fi duka, tura ɗan abin da ka naɗa a zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa. Akwai wata gwaggo ko wani kawu da zai ji daƙiƙa biyar ya gaya maka mai waƙar, ya ƙara maka da bikin da ya fara jin ta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Matasa za su ce ai akwai Shazam, me ya kai mutum wahala? Yana da kyau a fahimci yadda wannan manhaja take aiki. An fara ta a Ingila a 2002, kamfanin Apple ya saye ta a 2018. Abin da take yi shi ne ta ɗauki ɗan sautin da ta ji, ta fitar da wata alama daga cikinsa kamar zanen yatsa, ta je ta gwada da alamun waƙoƙin da ke rumbunta. In waƙar tana cikin rumbun, cikin ƙiftawar ido za ta kawo maka suna. In ba a taɓa shigar da ita ba, ko ka yini kana dannawa ba abin da za ta ce. Masu shigarwa kuwa kamfanonin rarraba waƙoƙi ne. Waƙar da aka ɗauka a ɗakin rediyon Omdurman shekaru sittin da suka wuce, wadda ba ta taɓa fita kasuwa ta hannun wani kamfani ba, wa zai shigar da ita? Ballantana waƙar matan Hausa ta gidan biki a Gadarif ko Mai Wurno. Ƙari a kan haka, manhajar naɗin take ganewa, don haka waƙa ɗaya in an rera ta a dandali daban, wani naɗi ne daban a wurinta. Kuma sai da intanet take aiki, mu kuwa mun ga yadda aka yi a Fabrairun 2024, lokacin da layuka suka ɗauke a ƙasa kusan baki ɗaya, rediyo mai batir ya zama shi ne kaɗai abokin hira.

A wasu ƙasashe an daɗe da wuce wannan mataki. In ka shiga shafin shirye-shiryen kiɗa na BBC za ka tarar da jerin abin da aka saka a kowane shiri. A Turai akwai tsarin da ake kira RDS, wanda yake aika ɗan rubutu tare da sautin FM, sunan tasha da na waƙa su fito a fuskar rediyon mota. Ban ce sai mun kai can gobe ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne, manhajojin da tashoshi suke jera waƙoƙi da su a kwamfuta suna ajiye bayanin abin da aka saka da lokacin da aka saka shi, da kansu. Aikin da ya rage biyu ne: a gyara sunayen waƙoƙin a cikin kwamfutar sau ɗaya, sannan wani ma'aikaci ya riƙa kwafe jerin yana mannawa a shafi kafin ya tashi aiki. Tashar da ba ta da irin wannan manhaja, littafi mai layi da biro sun isa, a ɗauki hoton shafin da waya a saka.

Dalili na farko da ya sa na matsa a kan wannan shi ne haƙƙi. Sudan tana da dokar kare haƙƙin mawallafi, ta 1996 da wadda ta maye gurbinta a 2013, kuma ƙasar tana cikin yarjejeniyar Berne. A ƙasashe da dama, hanyar da mawaƙi da marubuci suke samun ladan saka waƙarsu a rediyo ita ce ta wannan jeri. Tasha ta miƙa lissafin abin da ta saka, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin ta raba gwargwadon yawan sakawa. Haka ake yi a Ingila, Nijar ma tana da ofishinta na BNDA, Najeriya tana da nata ƙungiyoyin. In babu jeri, babu lissafi, in babu lissafi kuma doka ta zama ado a takarda. Mawaƙanmu da yawa yau suna Alƙahira ko Kampala ko ƙasashen Larabawa na Gulf suna neman na haya, wasu sun rasu sun bar marayu. Tasha ta saka muryar mutum, ta karɓi kuɗin talla a gabanta da bayanta, amma ko sunansa ba ta ambata ba. A ce ma yanzu tashoshi ba su da abin biya, na yarda. Amma wanda ake bi bashi, in bai da abin biya yau, ai yana rubutawa. Jerin shi ne rubutun bashin.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Harabar rediyo da talabijin da ke unguwar Mulazimin a Omdurman, inda taskar muryoyin ƙasar nan take, ta faɗa hannun dakarun RSF tun farkon yaƙi, sojoji ba su karɓe ta ba sai ranar 12 ga Maris na 2024. Kusan wata goma sha ɗaya ke nan tana tsakiyar wuta. Gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum kuwa duniya ta ga yadda aka wawashe shi. Wannan ya koya mana cewa abin da aka tara a gini ɗaya, dare ɗaya yana iya tafiya. Da a ce shekaru ashirin da suka wuce kowace tasha tana wallafa jerinta, da yau muna da shaida a warwatse a hannun jama'a cewa waƙa kaza ta wane tana nan, an saka ta ran kaza. Da wannan shaida ake fita cigiya, a tambayi mai tsohon kaset a Kosti ko Wad Madani, a tambayi ɗan ƙasa da ke Jidda. Abin da ba ka san sunansa ba, ba ka iya cigiyarsa. Don haka ina ƙara roƙon hukumar rediyo da talabijin ta fito da cikakken lissafin abin da ke taskarta a yau, ta wallafa kowa ya gani, domin masu kwafe a gida su san gurbin da za su cike.

Yanzu bari in zo kanmu. Mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Sudan, a 1942, 'yarmu ce: A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya. A Kasala aka haife ta, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso a kan hanyar hajji suka zauna, mahaifinta malami ne mai makarantar allo. Ƙanwarta Jiddawiyya tana kaɗa mata udu. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen daga lokacin yaƙin duniya na biyu, ta naɗi faya-fayai a Alƙahira, ta rasu a 1974. Duk matan da suka biyo baya a waƙar ƙasar nan, ta ƙofar da ta buɗe suka shiga. Abin tambaya shi ne, da a ce rediyon wancan zamani yana sakin murya ba suna kamar yadda ake yi yanzu, da wa zai san da ita? Da waƙoƙinta sun narke cikin abin da ake kira "turas", wato gadon jama'a wanda ba shi da mai shi. Wannan kalma ta turas ita ce ramin da waƙoƙin marasa ƙarfi suke faɗawa. Mata su ƙirƙira a gidan biki, wani mai suna ya ɗauka ya gyara ya rera a dandali, a rubuta turas, asalin masu ita su ɓace. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji Hausawa, amma sai an san mai itan.

Mun daɗe a ƙasar nan. Tun kafin yaƙin Burmi na 1903 alhazai suke bi suna zama, bayansa kuma Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Kakanninmu sun noma auduga a Jazira, sun noma dawa da riɗi a Gadarif, sun kama kifi a Kogin Nilu. Duk da haka, abin da ya faru a jihar Blue Nile a Yulin 2022, da jinin da aka zubar, da zanga-zangar da ta biyo baya a Khartum da Kasala da wasu garuruwa, ya nuna har yanzu akwai masu tambayar ko mu 'yan ƙasa ne. A zaurukanmu kullum ana cewa ba a saka waƙoƙin Hausa a rediyo, ba a jin harshenmu. Masu tashoshi kuma in an yi musu magana sai su ce ai muna sakawa. Wa ya fi gaskiya? Da baki kawai ba za a rabu ba. Amma in akwai jerin wata shida a buɗe, ɗalibi ɗaya zai iya zama ya ƙirga: sau nawa aka saka waƙa da Hausa, sau nawa da Bija, da Nubiyanci, da Fur, da Fulatanci. Sai a je wurin shugaban tasha da takarda a hannu. In lissafin ya nuna ana sakawa, mu rage ƙorafi. In ya nuna ba a sakawa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko ta ina ya faɗi, mun fita daga zargi mun shiga hujja, kuma wannan ya amfani duk wata ƙabila da take jin an bar ta a baya.

Akwai 'yan'uwa da za su ce su ba ruwansu da kiɗa, suna bin malaman da suka hana shi. Ina girmama wannan, ba kuma zan buɗe muhawarar a nan ba. Amma abin da nake nema ya shafe su fiye da kowa. Rediyo ba waƙar soyayya kaɗai yake sakawa ba. Yana saka madihu, irin na Awlad Hajj al-Mahi da ƙasidun Shehu Bura'i, yana saka ƙira'a, yana saka guntayen wa'azi. Sau nawa ake jin wa'azi na minti biyar, a ce kaza haramun ne ko halal ne, a rufe ba a faɗi malamin da ya yi maganar ba? Mu da addininmu ya ginu a kan isnadi, ba a karɓar magana sai an san daga wa ta fito, bai dace mu ne za mu yarda da murya marar suna tana shiga gidajenmu ba. Uban da yake son sanin abin da 'ya'yansa suke ji, jerin zai nuna masa wace tasha ce zai bari a kunne, wace ce zai kashe. Wanda yake son ya haddace ƙasidar da ya ji da asuba, jerin zai kai shi gare ta.

Ƙalubalen da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na masu tsoron hukuma. Suna cewa, in ka rubuta abin da ka saka, ka miƙa wa mai takunkumi sanda ke nan. Tsoron yana da tushe. Bayan juyin mulkin 1989 an hana saka waƙoƙi da dama, Wardi ya yi shekaru a gudun hijira, a 1994 kuma wani mai tsattsauran ra'ayi ya kashe mawaƙi Khojali Usman a Omdurman. Ba a manta ba. Amma a duba da kyau: jami'in tsaro ba ya buƙatar jeri, yana da kunne, yana da masu naɗa masa. Wanda ba shi da hanyar sani shi ne talaka. Takunkumi ya fi son duhu, inda za a janye mawaƙi daga rediyo a hankali ba sanarwa, sai bayan shekara mutane su ce, af, wane kwana biyu ba a jin sa. In jerin yana fita kullum, ranar da suna ya ɓace za a gani. Haka nan tashar da ta mayar da kanta wajen saka waƙoƙin zuga da cin mutuncin wata ƙabila, kamar yadda wannan yaƙi ya haifar da su birjik a wayoyi, za ta san cewa abin da ta saka yana rubuce da kwanan wata.

Abin da nake roƙo ke nan a taƙaice. Hukumar da ke ba tashoshi lasisi ta sa wallafa jerin yau da kullum cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Ƙungiyar mawaƙa da ke Omdurman ta ɗauki wannan a matsayin buƙatarta ta farko, don 'ya'yanta ne za su fi cin moriya. 'Yan kasuwa masu ba da talla, cikinsu har da namu na Suƙ Libya da Suƙ Omdurman, su tambayi tasha ko tana ambaton masu waƙa kafin su miƙa kuɗi. Inda ba a san mai waƙa ba, a rubuta ba a sani ba, a nemi masu sauraro su taimaka. Ina tabbatar muku irin wannan tambaya za ta cika wa tasha shafi da amsoshi fiye da kowace gasa.

Mu ma akwai namu aikin, don ba za a nemi tasha ta saka abin da ba a kai mata ba. Mawaƙanmu matasa, in za ku tura waƙa, ku rubuta sunanta da naku da na marubuci da shekara a jikin fayil ɗin, da Larabci da boko duka, ku kuma faɗi sunan da baki a farkon naɗin ko ƙarshensa, don rubutu yana gogewa a hanyar WhatsApp, murya kuwa tana tafiya da waƙar. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai da na unguwanni su zauna da tsofaffi mata masu waƙoƙin biki da na daka da na reno, a naɗa, a rubuta wace ce, a wane gari, daga wa ta koya. A ajiye kwafe a wuri uku, ɗaya a wajen ƙasa. Masu kaset ɗin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge da alhazai suka zo da su, in yaƙi ya bar muku su, kada ku zubar. Kuma duk wanda ya ji waƙar Hausa a wata tasha, ya rubuta rana da sa'a ya saka a zaure. In mutum ashirin suka riƙe wannan na wata uku, mun fara namu jerin tun kafin tashoshi su fara nasu.

Mutanen da suka rasa gidaje da hotunan iyayensu da takardun makaranta, abin da ya rage wa da yawansu shi ne abin da kunne ya riƙe. Bai kamata a ce shi ma ana saka musu shi ba suna ba, kamar tsintuwa. Mai gabatarwa, daƙiƙa goma ce za ta ci maka: wane ya rubuta, wane ya ɗora kari, wance ta rera. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa.